M.G. a Jikin Buhun Iya

A ƙauyenmu, can cikin Kafin Dafga, haruffa biyu ne ke riƙe da duniya: M da G. Ban san wanda ya fara kawo mana su ba. Da na san shi da na je har gida na gaishe shi, don shi ya jawo aka kusa soye gadon gidanmu kaf a cikin kasko.

Duk ranar kasuwar Rogo akwai wata a-kori-kura da ke bi ƙauye-ƙauye tana kwasar kaya. Ba kowa ke bin kayansa ba. Ka ɗinke bakin buhunka, ka sa masa alama, ka gaya wa direba inda za shi, shi ke nan. In ya isa tashar Rogo sai ya jibge su a gindin wata darbejiya, kowa ya aiko yaronsa ya duba alama ya ɗauka. Manya sun ce da can tsumma ake ɗaurawa a kunnen buhu. Da 'yan makaranta suka yi yawa sai tsumma ya zama ƙauyanci, kowa ya koma haruffan boko, da fenti ko da gawayi.

To, mu kuma ba ma kama sunan manya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin na ɗan farinta, yaro kuwa in ya ambaci sunan dattijo gatsau, kafin ya rufe baki mari ya sauka. Abin da baki ya ƙi faɗa, hannu ma ba ya rubutawa. Saboda haka ba sunan mutum ake taƙaitawa ba, abin da ake kiran sa da shi ake taƙaitawa. Mai gari M.G. ne. Mai goro M.G. ne. Mai gishiri na bakin masallaci M.G. ne. Mai gyaran keke ma ya ga ba za a bar shi a baya ba. Sannan kowace matar aure a faɗin ƙasar Karaye, in za ta aika kaya a madadin mijinta, cewa take yi a rubuta na Maigida. Akwai B.Y. ma, wanda wata rana Baban Yara ne, wata rana Babbar Yaya, amma wannan ƙaramin ɗan rigima ne. Na taɓa tsayawa a bayan motar nan na ƙare mata kallo. Da buhuna suna amsa kira, ka ce M.G. sau ɗaya, da motar ta miƙe tsaye gaba ɗayanta.

An sha yin musaya. An taɓa kai wa mai gyaran keke masarar mai gari, ya zaci wani bawan Allah ne ya tuna da shi, ya yi ta tuwo yana sa albarka har aka gano. Aka yi dariya, aka wuce. Masara dai masara ce, ana samun wata.

Ni ma, in ana bin gaskiya, M.G. ne. Sunan kakana aka sa mini, wanda ya rasu ina rarrafe. Don haka Iya, wato kakata mahaifiyar Baba, ba ta taɓa kiran sunana ba. Maigida take ce mini. In ta ji daɗina, "Maigida ango." In na ɓata mata rai, "Maigidan banza, wanda ko gishirin miya bai taɓa sayowa ba." Ni kuma amarya nake ce mata, kuma duk ranar da ta hana ni ƙanzon tuwo sai na yi mata barazanar aika ta gidansu.

Iya tana da wani buhun gyaɗa da ta fi ƙauna fiye da jikokinta duka in an haɗa mu an ɗaure. Iri ne. Wata jar gyaɗa ce 'yar ƙanana, mai maiƙo, mai saurin nuna, ko ruwa ya ɗauke da wuri sai ta yi. Kakana ne ya samo ta tun yana saurayi, ya yi ta zaɓar masu kyau yana sake shukawa har mutane suka riƙa kiran gyaɗar da sunansa. Bayan rasuwarsa maƙwabta suka koma irin kasuwa mai manyan 'ya'ya, Baba ma ya bi su. Iya kaɗai ta riƙe ta a 'yar gayaunarta ta bayan gida. Kowace shekara sai ta ware buhu guda da ɓawonsa ta ajiye a ƙarƙashin gado, tana kwana a kansa kamar kaza. Babu wani a duniya da muka sani yana da ita. In buhun nan ya tafi, gyaɗar ta tafi.

A shekarar da nake ba da labari, damina ta tsaga bangon ɗakin Iya, aka ce da rani za a rushe a sake gini. Ita za ta koma ɗakin Umma, mahaifiyata, amma buhun fa? Baba ya ce a sa a rumbu.

"Ɓeraye," in ji Iya.

Baba ya ce to a sa a zaure.

"Can kuma ɓeraye masu ƙafa biyu," ta ce, tana kallona. Har yau ban san abin da ya sa ta kalle ni ba. Ina jin don na fi kowa kyau ne a wajen.

A ƙarshe ta yanke cewa a kai wa Gwaggo, 'yarta da ke aure a Rogo, don tana da ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Aka kira ni in sa alama, tunda duk gidan babu mai rubutu irin nawa. Na zo da ragowar shuɗin fenti da tsinken rama, na durƙusa.

"Me za a rubuta, amarya?"

"Rubuta na Maigida ne."

"Iya, M.G. sun fi awakin garin nan yawa. Bari in rubuta sunan ɓaro-ɓaro. Ai nawa ne, na ba ki aro, ba sai kin biya ba."

Muciya na gani ta taso sama. "Ka rubuta sunan a jikin buhu? A jefar da shi a ƙasa, 'yan dako su tattaka, wani ƙato ya zo ya zauna a kai yana shan rake? Ashe duk karatun nan naka hankalin ne bai shiga ba."

"To in zana hotonki. Duk wanda ya gani zai gudu ya bar buhun."

"Zana na gidanku."

Na rubuta M.G. manya-manya, har da lanƙwasa a wutsiyar G, irin rubutun da ya kamata a rataye a ofishin gwamna. Aka ɗora buhu a mota. Iya ta tsaya a ƙofar gida tana kallo har ta sha kwana.

Washegari da hantsi 'yar wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce. Baba ya tafi Karaye tun safe, shi ya sa ta neme ni. Ta ce in ba Iya, na ce ta faɗa mini, ni ne mai gidan. Ta ce ɗanta ya ɗauko buhu mai M.G. jiya da yamma, yanzu ta buɗe don ta ɗan shanya shi kafin ta kulle, ta ɓare guda, sai ta ga fara ce, ƙatuwa, irin ta kasuwa.

Na juya na gaya wa Iya. Na shirya wa ihu, na shirya wa muciya, har na duba ta inda zan tsallake katanga. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta a hankali, ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi da takalminta na zuwa gaisuwar mutuwa. Matar da rabonta da wuce rijiyar unguwa tun ina ajin farko. A nan ne na san abin ba na dariya ba ne, ko da yake ban daina dariyar gaba ɗaya ba.

Muka sami direban a bakin hanya yana zuba wa motarsa ruwa. Saurayi ne ɗan wajen Unguwar Hajji, mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Iya. Da ya ji abin da ke tafe da mu, ya dafe kai ya fara tuno kayan jiya. Na mai gari masara ce. Na mai gishiri buhunan wofi ne. Gyaɗa mai M.G. kuwa biyu ce kawai, tamu da ta wata mai ƙuli-ƙuli da ke bayan kasuwar Rogo, wadda wani manomi ke aika wa.

Na ce, "Mai ƙuli kuma ina ruwanta da G?"

Ya ce, "Na maigidanta ne. Shi ke saye, ita ke soyawa."

Kalmar soyawa ce ta sa Iya ta dafa motar. Direban ya ce dama zai je Rogo ɗauko siminti, mu shiga. Ya ba Iya gaba, na matse a gefenta.

Ni mutum ne mai son kwantar wa mutane hankali. Saboda haka a hanya na fara yi wa Iya bayanin cewa ko an soye, ba asara aka yi ba, don za a sami ƙuli-ƙulin da ba a taɓa yin irinsa a Rogo ba, mutane za su zo daga Kano su yi layi, a riƙa ba da labarinsa a rediyo. Ina cikin siffanta yadda man zai riƙa ƙyalli a kwalba, sai ta kama gwiwata ta matse.

"Maigida, daga nan har mu koma gida, in ka sake buɗe bakin nan ban ce ka buɗe ba, ni da kai babu ƙanzo, babu fura, babu gaisuwa."

Ba da muryar wasa ta faɗa ba. Na rufe baki. Duk wanda ya san ni ya san wannan ita ce sadaukarwa mafi girma da aka taɓa yi a kan hanyar Rogo.

Muka biya ta gidan Gwaggo, muka ɗauke ta da buhun farar gyaɗar. Gidan mai ƙuli ba sai an nuna ba, hanci ne ya kai mu. Tun daga bakin lungu ƙamshin suya ya tare mu, ƙamshin da a kowace rana zai sa in yi rawa, amma ranar sai na ji kamar ni ake soyawa. Aka yi sallama, aka ce mu shigo, har da ni da direba, tunda gidan tsofaffi ne.

Ga buhunmu a jingine da turmi, an farke bakinsa, ga M.G. ɗina da lanƙwasarsa. Ga yara zaune a tabarma suna ɓara, sun tara jar gyaɗar a faranti. Ga kasko a kan murhu, wata yarinya tana juya wadda aka riga aka zuba. Mai ƙulin kuwa dattijuwa ce mai damatsa irin na masu dambe, ta shimfiɗa wa baƙi tabarma.

Kun zaci Iya za ta yi tsalle ta rungume buhu? Zama ta yi ta fara gaisuwa. Ina kwana. Ina gajiya. Yaya gida. Yaya yara. Yaya maigida. Yaya aiki. Yaya muka ji da rana. Mai ƙuli ta amsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo da nata, ita ma tun daga farko. Gwaggo ta karɓa ta ɗora. Ni kuwa ina kallon yarinyar nan ta kwashe kaskon farko, ta miƙa hannu za ta ɗauki farantin da aka ɓare. Ga baki an ɗaure mini. Na rasa yadda zan yi, sai kawai na je na tsuguna tsakaninta da farantin, na ɗora shi a cinya, na rungume. Ta kalle ni, na kalle ta. Ta ce, "Inna, wani mahaukaci ya riƙe gyaɗa."

Wannan ne ya kawo ƙarshen gaisuwa. Gwaggo ta yi bayani. Mai ƙuli ta riƙe haɓa, ta ce ita ma ta yi mamakin gyaɗar, don ba irin wadda aka saba kawowa ba ce, tun a kasko take zubar da mai. Amma kaya na maigida ne, ba ta isa ta mayar ba sai da izininsa. Aka tura yaro ya kira shi daga inuwar ƙofar gida.

Tsoho ne dogo mai sanda, an ce ya yi dillancin gyaɗa a zamaninsa. Aka sake wata gaisuwar, amma wannan karon farantin yana hannuna, ban damu ba ko a kai la'asar. Ya ɗebi jar gyaɗar ya shinshina, ya tauna guda, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya sa sanda ya taɓa buhunan biyu.

"Hajiya, ba ƙaryata ki nake yi ba. Amma M.G. nan, M.G. can. Wannan ja kuwa ta fi waccan nesa ba kusa ba, kowa ya gan ta zai so ta zama tasa. Ni a rayuwata mutum ɗaya na sani da wannan gyaɗa, a ƙasar Karaye. In ta gidansa ce, ba ni da ta cewa. Wane ne maigidan naki?"

Iya ta sunkuyar da kai. "Maigidan dai."

"Wanne?"

"Na Kafin Dafga."

"Kafin Dafga ai cike take da maza."

Gwaggo ta ce, "Babanmu ne, Baba."

"Na ji. Sunansa fa?"

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe baki. Direba ya ce shi dai bai riski mutumin ba. Mai ƙuli ta shiga faɗan, amma a ɓangarenmu.

"Haba Malam! Yaya za ka sa baiwar Allah ta kama suna a gaban yara? Ni tun da aka kawo ni gidan nan ka taɓa jin na kama naka?"

"Shi ya sa ai buhuna ke ɓata," in ji tsohon.

Ni fa duk wannan lokacin sunan yana bakina, yana tsalle kamar kwaɗo a tulu. Kumatuna sun kumbura, idona ya yi ja, gumi yana zuba. Sunan da ake kira kullum a aji in an tashi neman wanda ya yi surutu, yau ga dattijo yana neman sa da ladabi, an hana ni. Na kalli Iya. Ita kuma tana kallon farantin da ke cinyata, leɓenta yana motsi, ta buɗe baki, ta rufe. Na ga da gaske tana gwadawa, kuma na ga ba zai fito ba. Shekara da shekaru tana tsare da sunan nan yadda take tsare da gyaɗar, yanzu an ce ta saki ɗaya don ta karɓi ɗaya.

Sai na ji an kama kunnena an ja ni gaba, da faranti da komai.

"Kai. Gaya wa Malam sunanka."

Na miƙe tsaye. Na gyara riga. Na faɗe shi da ƙarfin da kajin gidan suka watse, wani jariri a maƙwabta ya farka, kuma ina da tabbacin an ji a Karaye.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya nemi turmi ya zauna a kai.

"Sunansa aka mayar maka?"

"Shi ne, Baba."

Ya dubi Iya. "Yana nan?"

"Ya riga mu," in ji ta. "Wannan yana rarrafe."

Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Aka yi addu'a, har yarinyar da ta ce mini mahaukaci ta ɗaga hannu. Sannan ya ba mu labari a gajarce. Wata shekara irinsa ya ruɓe, ya je ƙasarmu neman na shuka, kakana ya auna masa a kwano ya ƙi karɓar komai. Ya noma ta, ya ji daɗinta, daga baya wata shekarar wahala ta zo suka cinye har irin. Ya ce kunyar komawa ce ta hana shi sake neman mutumin, har lokaci ya ja.

Ya buga sanda a ƙasa ya ce wa yaran su tsince kowace ƙwaya, ko wadda ta gangara ƙarƙashin murhu. Aka mayar da masu ɓawo cikin buhu, sun fi rabi nesa. Mai ƙuli da kanta ta ɗinke bakin, tana ba da haƙuri, Iya tana cewa ba komai, kowacce tana ɗora laifin a kan haruffan boko, suna harara ta ta gefen ido kamar ni na ƙirƙiro su.

Saura farantin da aka ɓare. Iya ta karɓe shi daga hannuna, da ƙyar don yatsuna sun ƙage, ta ajiye a gaban tsohon.

"Wannan ku riƙe. A sa masa toka a rufe, zai kai damina."

Ya ce a'a, ta ce ai ba ita ta ba shi ba, wanda ya ba shi da farko ne ya ƙara masa. Sai ya karɓa.

Wadda aka riga aka soya kuwa, aka rasa ta wane ne. Na ɗaga hannu kamar a aji, don har yanzu ba a sakar mini baki gaba ɗaya ba. Iya ta ce, "Faɗi, kafin ka fashe." Na yi bayani cewa an rubuta Maigida a jikin buhu, an tabbatar a gaban shaidu cewa ni ne, saboda haka ban ga abin tattaunawa ba. Aka juye mini ita a aljihu biyu da hula. Gaskiyar mai ƙuli ce, maiƙonta har ya fito ta jikin wandona, kuma wandon bai sake komawa daidai ba.

Iya ba ta yarda a bar buhun a hannun kowa ba sai da ta ga an shigar da shi ɗakin Gwaggo, ta ja kwaɗon da hannunta ta ji ya kama. A hanyar dawowa ta yi barci a kafaɗata, ni kuma na rama duk maganar da aka hana ni a kan direba, har ya ce gara ɗaukar siminti.

Da aka fara jin ƙamshin ruwa, lokacin dawo da iri ya yi. Na ce wa Iya yanzu dai ta yarda a rubuta sunan. Ta ce har abada. Na ce to a koma tsumma. Ta ce tsumma yana kwancewa. Ta riga ta yi tunaninta. Tunda sunan ba ya hawa buhu da fenti, zai hau da ƙafafunsa. Aka ba ni kuɗin mota, na je Rogo, na zauna a bayan a-kori-kura rungume da buhun tun daga gindin darbejiya har ƙofar gidanmu. Duk wanda ya miƙo hannu ya ce, "Wannan M.G. ɗin na wane ne?" sai in gaya masa, da cikakken suna, har sai ya gaji ya matsa.

Tun daga ranar, ko daddawa Iya za ta aika wa Gwaggo, ni ake ɗorawa a kai. Abokaina suna ce mini alamar buhu. Ba na jin haushi, don su suna gona suna shan rana, ni ina Rogo ina biyawa ta wani gida a bayan kasuwa, inda ake ba ni ƙuli-ƙuli kyauta, tsohon kuma ya ja ni bayan gida ya nuna mini kunyoyin gyaɗarsa, ya ce in je in gaya wa Hajiya sun fi nata kore. Na gaya mata. Ta ce ƙarya yake yi, ta ɗauki mayafi ta zagaya gayauna ta duba.